Kana biye da labari, to da wane Turanci za ka faɗa? Awon salon magana biyar

Akwai layin da ke tsayar da mai rubuta takardar neman aiki da Turanci. Ya gama lissafa makarantun da ya yi da wuraren da ya taɓa aiki, yanzu yana so ya nuna bai kwanta a kan takardar shaidarsa ba, yana biye da abin da ke gudana a fanninsa. Nan ne maganganu ke yi masa layi: *keep abreast of*, *have a finger on the pulse*, *keep an ear to the ground*, *be in the loop*, da *keep up to date*. In ya tambayi wayarsa sai ta jero masa su wuri ɗaya, ta bar shi da zaɓi. Mu kuma yawancinmu wanda ya fi daɗin kunne muke ɗauka.

Kusan kowane ɗayansu hanya daban yake bayyanawa, wato yadda labari ke yi ya iso wurin mutum. Wanda ya ƙware a Turanci yana jin wannan bambancin ko bai tsaya ya yi tunani a kai ba. Shi ya sa wanda ya ɗauki wannan a madadin wancan yakan yi iƙirarin abin da bai mallaka ba, ko ya ba kansa matsayin da ba nasa ba a gaban wanda ya girme shi a ofis.

Abin da za mu auna da shi

Na farko hanyar labarin. Kai ne ke fita nema ta karatu da bincike? Zama cikin jama'a ne ke sa ka ji sauyi a jikinka? Ƙishin-ƙishin kake farauta tun kafin a fitar da sanarwa? Ko wasu ne ke riƙe da labarin, sai sun ga dama su sanar da kai? Wannan ma'aunin ya fi sauran nauyi, don in ka kuskure shi gyaran nahawu ba zai cece ka ba.

Na biyu tsada. Ba a sayen kalma da kuɗi, amma duk wanda ka furta a cikin maganganun nan bashi ka ɗauka, kuma akwai inda ake biya. A gaban masu intabiyu da hujja ake biya. A jarrabawa da maki: insha'in Turanci na WAEC, wanda ake so kada ya gaza kalma 450, maki 50 ne, 20 a ciki na iya sarrafa harshe ne, 10 kuma na tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren haruffa ko nahawu ke zaftare wani abu.

Na uku ƙarko: tun yaushe maganar take yawo a bakin masu harshen, ana jin ta a Ingila da Amurka da Najeriya duka, kuma tana da sauran kaifi ko yawan amfani ya dakusar da ita.

Na huɗu sauƙi, ta fuskar nahawu da ta furuci. Batun furucin ya shafe mu kai tsaye. A Hausa sautin f da na p ba sa rarrabe ma'anar kalma, shi ya sa Bakano zai ce fata, mutumin Sakkwato ko Maraɗi ya ce hwata, wani ya matse leɓe ta fito kusa da pata, duk a fahimce su. A Turanci kuwa wannan ɗan bambancin yana iya mayar da kalma wata kalmar dabam.

Na biyar haɗari, wato abin da mai sauraro zai iya ji wanda ba shi ka nufa ba.

Keep abreast of

Asalin *abreast* jeruwa ce kafaɗa da kafaɗa, kamar mahaya biyu da ƙirjin dawakansu ke daidai da juna, ko jiragen ruwan yaƙi da suka jeru gefe da gefe. Daga nan ma'anar ta fito: al'amari na tafiya, kai ma kana tafiya daidai da shi, bai tsere maka ba. Saboda haka maganar tana buƙatar abin da ke motsi, irin dokoki, binciken kimiyya, sabbin magunguna, fasahar sadarwa. Ba a yin ta a kan abin da ya riga ya tsaya. Ba za ka ce kana *keep abreast of* ƙa'idojin lissafin firamare ba.

Hanyar labarin a nan ƙoƙarin kanka ce. Ba wanda ya kawo maka, kai ka karanta mujallar sana'arka, ka bi sanarwar hukumar da ke kula da fanninka, ka halarci bita. Wannan ne ya sa ta fi kowace dacewa da takardar neman aiki, don abin da take faɗa a kanka hali ne mai kyau wanda ba ya buƙatar sanin manya ko daɗewa a aiki. Ɗan bautar ƙasa ma zai iya faɗa da gaskiyarsa.

Tsadarta madaidaiciya ce, amma ana karɓa nan take. Ka ɗauka wata akanta ta rubuta cewa tana *keep abreast of changes in tax law*. Ranar intabiyu shugaban kwamitin ya ɗago takardar, ya ɗora biro a kan layin, ya dube ta ta saman tabarau. "Hajiya, kin ce kina biye da sauye-sauyen dokar haraji. Dokokin nan huɗu da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, me ya fi shafar ƙaramin kamfani irin namu a cikinsu?" In ta karanta, layin nan ya zame mata tsani, ta samu minti biyar na nuna abin da ta sani. In kuwa ado ta yi da shi, to "Ranka ya daɗe, ban samu na duba ba tukuna" ta fi rashin rubuta layin muni nesa ba kusa ba, domin yanzu duk sauran abin da ke takardar ya shiga zargi. Kafin ka rubuta wannan maganar, ka tabbata kana iya ambaton abu biyu ko uku da ka karanta a 'yan watannin nan, da inda ka karanta su.

Ta wajen ƙarko ba ta da ta biyu a cikin biyar ɗin. Ta yi ɗaruruwan shekaru a harshen, ana rubuta ta a Landan da Washinton da Abuja da Akara, kuma ba ta da alamar tsufa a rubutun ofis. A hira da abokai ne take nauyi. In ka faɗe ta a majalisa sai a ji kamar takardar sanarwa kake karantawa.

Wajen sauƙi ne take da tarko, har uku. Abokiyar tafiyarta *of* ce. Za ka ga *abreast with* a jaridunmu da yawa, har a wasu rubuce-rubucen ƙasashen waje, amma *of* ce ba wanda zai ja maka layi a ƙarƙashinta. Tarko na biyu ya fi muni: *abreast* ba aikatau ba ce. Jimla irin *I write to abreast you of the situation*, wadda ke yawo a wasiƙun ofisoshinmu, kuskure ce tsagwaronta. Dole a sa *keep* ko *stay* a gabanta. Na uku rubutu ne. Kalma ɗaya ce, a haɗe. In ka raba ta biyu, ko waya ta raba maka ba ka lura ba, ta koma sunan wani sashe na jikin mace, kuma a takardar da ka aika wa ma'aikata ba ka da damar janyewa. Furucinta kuma da gajeren wasali ne kamar na *rest*, ba dogo kamar na *beast* ba.

Finger on the pulse

Daga ɗakin likita aka ɗauko wannan. Ma'aikacin jinya ya ɗora yatsa a wuyan hannun majinyaci yana ƙirga bugun jini, wanda ga babban mutum da ke hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Bai jira sakamakon gwaji ba, da taɓawa ya ji ko jikin ya sauya. Wanda aka ce yana da *finger on the pulse* na wani abu, ana nufin yana tsakiyar abin, yana jin motsinsa tun kafin alƙaluma su fito.

Ita ce mafi tsada. Dillalin da ya shekara ashirin a kasuwar Dawanau, wanda daga yanayin shigowar motoci da irin tambayar da masu saye ke yi zai ce maka riɗi zai tashi mako mai zuwa, shi ya cancanci wannan maganar. Haka mai shago a Kantin Kwari da ya san atamfar da za ta tafi kafin Sallah, ko ɗan jaridar da ya daɗe yana ɗauko labarin wata jiha har ya san ta kamar yunwar cikinsa. Karatu kaɗai ba ya sayen ta. Yaron da ya gama bautar ƙasa jiya in ya rubuta cewa yana da *finger on the pulse of the banking industry*, mai karantawa zai yi murmushi ya juya shafi.

Ko ga wanda ya cancanta, ta fi kyau a bakin wani. A wasiƙar shaida da tsohon maigidanka zai rubuta maka, ko a gabatar da baƙo mai jawabi, tana zama daram. A bakinka kuwa tana kusa da yabon kai, wanda Hausawa suka riga suka yanke masa hukunci.

Akwai wani abu da ake koya wa ɗaliban jinya wanda ya kamata masu son wannan maganar su riƙe. Ba a jin bugun jini da babban yatsa, da manuniya da na tsakiya ake ji, domin babban yatsa yana da nasa bugun mai ƙarfi, kana iya ƙirga naka ka ɗauka na majinyaci ne. Mutane da yawa da ke cewa sun san ra'ayin jama'a abin da ke faruwa da su ke nan: abokansu na Facebook da rukunoninsu na WhatsApp suke saurare, waɗanda dama ra'ayinsu ɗaya, sai ranar da sakamakon zaɓe ya fito su rasa ta inda aka hau.

Ƙarkonta da sauƙi-sauƙi. Kowa ya san ta a duk inda ake Turanci, sai dai masu talla da masu rubuta bayanin kamfanoni sun tatse ta, har ta fara zama irin maganar da ido ke tsallakewa. Nahawunta ba wuya: yatsa ɗaya, *on*, sannan *the*, in za a ambaci fanni a bi da *of*. A baki ne take wahalar da mu, don f da p sun haɗu a numfashi ɗaya. In suka yi musaya, *pulse* ta doshi *false*, wato ƙarya, ka ga an samu kishiyar abin da ake nema. Wanda ya san yana da wannan a harshensa, ko ya maimaita ta a gida har ta zauna, ko ya bar ta ga rubutu.

Ear to the ground

Wannan daga Amurka ta fito a ƙarni na 19, kuma ana danganta ta da dabarar mutanen filayen ƙasar ta ɗora kunne a ƙasa don jin kofaton dawakai tun suna nesa. Dabarar tana da tushe: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska, amma cikin abu mai tauri ya fi haka sauri ƙwarai, a ƙarfen layin dogo yakan kai mita 5,000. Mai kunne a ƙasa yana jin abin da ke tafe kafin mai tsaye ya gani.

Don haka labarin da take magana a kai shi ne wanda bai fito fili ba tukuna. Wane ofis ne zai ɗauki ma'aikata, wa za a sauya wa wurin aiki, wane gida ne za a sa a kasuwa, ko irin labarin da ɗan kasuwar shinkafa zai so ya ji kafin a sanar, kamar rufe iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi a watan Agustan 2019. Ita ce ta fi kusa da baza kunnenmu. Abokinka ya ce ka tuna da shi in ka ji wani gurbi, ka ce masa *I will keep my ear to the ground*. A nan tana da araha, alkawari ne na saurare kawai, ba ka ce za ka samo ba.

A rubuce a matsayin halinka kuwa, haɗarinta ya fi na kowace. Manajan da ya karanta cewa mai neman aiki yana *keep an ear to the ground* a duk inda yake, yana iya ganin mai tsegumi ne zai shigo masa ofis, wanda zai san albashin kowa da rigimar kowa. Akwai sana'o'in da hakan yabo ne: aikin jarida, tsaro, siyasa, sayen kaya wa kamfani, aikin ƙungiyoyin agaji a yankin da ake rikici. A wajensu, ka kiyaye. Kuma kada ka manta maganar ba ta ce labarin tabbatacce ba ne. Likita ko lauya da ya ce da ita yake sanin sabbin ƙa'idojin aikinsa, ya faɗa ke nan da ji-ta-ji-ta yake aiki.

Tana da ƙarko, tana nan daram a baki da jaridu, ko da yake ba ta shiga rubutun hukuma. Kuskuren da muke yi da ita biyu ne: mu sa kunnuwa biyu, alhali ɗaya aka fi sani, sannan mu sa *on* a gurbin *to*, saboda *on ground* ɗin nan ta Turancin Najeriya ta riga ta kama bakinmu.

In the loop

Ita ce ƙarama a shekaru, a shekarun 1970 ta bazu a Amurka. *Loop* da'ira ce da saƙo ke zagayawa a cikinta. Wanda ke ciki ana sanar da shi, ana shawara da shi. Wanda ke waje sai dai ya ga an yi.

Bambancinta da sauran ukun da suka gabata babba ne, kuma shi ne aka fi kuskurewa. A nan ba ƙwazonka ke kawo labarin ba. Wasu ne ke riƙe da shi, su suka sa ka a ciki. Kana iya karanta duk jaridun duniya ka kasance a wajen da'irar ofishinku, masinja kuma yana ciki. Saboda haka ba a amfani da ita a kan fanni gaba ɗaya. Ba a cewa mutum yana *in the loop* na aikin likita ko na kimiyyar kwamfuta. Ana faɗin ta a kan wani aiki takamaimai da wasu mutane ƙididdigaggu: kwangilar da ake tattaunawa, shirin taro, ɗaukar sabon ma'aikaci.

Abin da ya ƙara mata suna siyasa ce. A watan Nuwamban 1986 asiri ya tonu cewa gwamnatin Ronald Reagan ta sayar wa Iran makamai a ɓoye, an kuma karkatar da wani ɓangare na kuɗin ga 'yan tawayen Contra na Nikaraguwa. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, George Bush babba, ya kare kansa da cewa shi ba ya cikin da'irar. Maganar ta bi shi har zaɓen 1988 da ya ci, ta sake tasowa a na 1992 da ya faɗi. Tun daga nan *out of the loop* take da fuska biyu. Wani lokaci ƙorafi ce, an mai da ni saniyar ware. Wani lokaci kariya ce, ba da ni aka yi ba.

Daga nan za ka gane tsadarta. Shiga da'ira alhaki ne. Ranar da aka sa sunanka a layin kwafi na imel aka rubuta *keeping you in the loop*, an kafa shaida a rubuce cewa ka sani. In abin ya lalace daga baya, "ban sani ba" ta fita daga hannunka. Mai neman a riƙa sa shi a kowane saƙo don ya ji ana yi da shi, ya sani yana tara wa kansa tambayoyin da zai amsa a gaban kwamitin bincike.

Sai batun girma, wanda ya fi damun mu fiye da Turawa. *Keep me in the loop* daga shugaba zuwa na ƙasa umarni ne mai laushi. Tsakanin sa'o'i roƙo ne na yau da kullum. Daga ƙaramin ma'aikaci zuwa darakta kuwa, ko da an liƙa mata *sir* a ƙarshe, tana fita kamar yaro ne ke ce wa maigida ya riƙa kawo masa rahoto. A ofishin da ake ce wa shugaba Yallaɓai ana rusunawa, saƙo irin wannan a WhatsApp yana iya samun shuɗin layi biyu ba amsa. Abin da ya dace da na ƙasa shi ne ya juya ta, ya ce *I will keep you in the loop*, shi ne mai kai rahoto. In kuma lallai shi ke son a sanar da shi, ya bar salon ya yi roƙo a fili cikin ladabi.

Nahawunta ita ce mafi sauƙi a cikin masu adon, kalma uku da ba sa sauyawa. A kula da p ta ƙarshe kawai, a rufe leɓe. Imel da manhajojin aika saƙo sun ba ta sabon rai, ba alamar za ta gushe nan kusa. Sai dai ba ta shiga insha'in jarrabawa ko wasiƙa zuwa ma'aikatar gwamnati ko fada.

Keep up to date

Ba ta da hoto, ba ta da labari, ba ta burge kowa. Tana shiga takardar neman aiki, tana shiga hira, tana shiga jarrabawa, ana faɗin ta ga babba da yaro. Tana tafiya da *with*, wani lokaci *on*. Ƙa'ida ɗaya ce ke gare ta a rubutu: in ta zo gaban suna a matsayin sifa sai a sa mata karan ɗori, *up-to-date information*, in ta zo bayan aikatau a bar ta a warware. Ƙanwarta ta baki ita ce *keep me posted*, wadda aka samo daga aikin akawu na shigar da lissafi cikin babban littafi, kuma tana yin aikin *in the loop* ba tare da batun waye ke ciki waye ke waje ba.

Mai karatu daga Nijar ko Kamaru ko Chadi zai yi murnar ganin Turancin Ingilishi ya ari *au courant* daga Faransanci da ma'ana kusan ɗaya. Ya yi hattara. Abin da kowa ke faɗa a Yamai, a Ingilishi ƙaƙale ne, kuma a Kano ko Kaduna mutane kaɗan ne za su gane.

| Salo | Hanyar labari | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| *keep abreast of* | karatu da bibiyar kanka | matsakaiciya, sai ka ambaci abin da ka karanta | mafi daɗewa | tarko uku a rubutu | raba kalmar biyu, mai da ita aikatau |
| *finger on the pulse* | daɗewa a cikin harka | mafi tsada | ta fara dakushewa | rubutu da sauƙi, furuci da wuya | yabon kai |
| *ear to the ground* | ƙishin-ƙishin | araha a baki, tsada a takarda | tana nan a baki da jarida | matsakaici | a ɗauke ka mai tsegumi |
| *in the loop* | wasu ke sanar da kai | alhakin abin da aka sanar da kai | sabuwa, tana tashe | mai sauƙi | raini ga na gaba |
| *keep up to date* | kowace hanya | mafi araha | ba ta tsufa | mafi sauƙi | ba ta jan hankali |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai takardar neman aiki a fannin da ke da dokoki da bincike, kamar akanta, malamin jinya, lauya, injiniya ko mai harhaɗa magunguna, ya ɗauki *keep abreast of*, ya bi ta nan take da sunan abin da yake karantawa ko bitar da ya halarta. A ganina jimlar da ta ambaci mujalla ɗaya da bita ɗaya ta fi sakin layi guda na ado. In ya duba ya ga ba shi da abin ambatawa, ya goge layin gaba ɗaya, don sauya salo ba zai biya masa bashin ba.

Mai shirin WAEC ko NECO ko JAMB yana buƙatar ya san ma'anar duka biyar, domin a tambayoyin zaɓi ana kawo salon magana a cikin jimla a ce ka zaɓi fassarar da ta fi kusa, kuma amsoshin ruɗin galibi ma'anar zahiri suke ɗauka, kamar a ce mutumin ya kwanta a ƙasa ne. A insha'insa kuwa ɗaya ta isa. In wasiƙar hukuma ce ko maƙala, *keep abreast of* ga wanda ya tabbatar da nahawunta, *keep up to date with* ga wanda ke da ɗigon shakka. Rabin makin da ado zai ƙara maka bai kai wanda kuskure zai cire ba.

Mai shirin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, lissafinsa daban ne. A ɓangaren magana, wanda ke ɗaukar minti 11 zuwa 14, ma'aunin mataki na 7 ya ambaci iya amfani da wasu maganganun azanci, don haka *ear to the ground* ko *in the loop* da ta faɗo a gurbinta tana da riba. Sharaɗin shi ne ta zo da kanta. Mai jarrabawar yana gane wadda aka haddace aka cusa. A ɓangaren rubutu ya koma ga *abreast* ko *up to date*.

Ma'aikacin da ke tura saƙo ga abokan aiki sa'o'insa, *in the loop* tasa ce. In ga shugaba ne, ya zama shi ne mai alkawarin sanarwa. Shugaban da ke son rahoto ba tare da ya ɗaure fuska ba, *keep me posted* ta wadatar.

Wanda aka roƙa ya taya neman gida ko aiki ko fili, *ear to the ground* ce amsarsa, a baki ko a saƙon waya. Mai rubuta wa wani wasiƙar shaida, ko mai gabatar da gogaggen ɗan kasuwa a taro, shi ne ke da damar *finger on the pulse*, in mutumin ya daɗe a harkar har ana zuwa tambayarsa farashin gobe.